Zagayen ƙarshe na South Boston a iRacing, wasan tseren mota na kwamfuta: duka ne ko matsalar layin intanet?

Sharifu Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Admin dan Allah a duba abin da ya faru jiya da dare a zagayen ƙarshe, kwana ta uku. Ni ke gaba tun bayan tutar rawaya ta ƙarshe, wadda ake ɗagawa a rage gudu in an yi haɗari, na riƙe layin ƙasa ban bar ƙofa ba, sai kawai Tanko ya zo ya dake ni ta baya, motata ta juya na sha bango, na gama can baya shi kuma ya ɗauki tutar nasara. Ba rigima nake nema ba amma in haka ake cin tsere a lig ɗin nan to a faɗa mana a fili mu san dokar da muke bi.

Tanko61: Wa alaikumus salam. Yaya Sharifu wlh ban taɓa ka ba. Na sake kallon bidiyon tseren a kwamfutata da safen nan, akwai fili tsakanin bambata da taka, hannu ma zai shiga, sai kawai na ga motarka ta juya. Zan tura yanzu kowa ya gani.

Sharifu Aboabo: Nima ina da nawa bidiyon ai. A nawa hancin motarka yana cikin bayana sosai. Kuma 4x, makin haɗuwar mota da wasan yake rubutawa, ta fito mana mu biyun, daga ina ta fito in ba ka taɓa ni ba?

Admin Awudu: To ku dakata haka. Kowa ya turo nasa, kuma a yi magana da ladabi, mu duka 'yan zango ne gobe ma a masallaci za mu haɗu. Mubarak kana kusa? Wannan fagenka ne.

Mubarak Tek: Ina nan Malam. Na kalli duka biyun kuma gsky babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da kowa ya gani a allonsa ke nan. Ga yadda abin yake, motar da kake gani a gabanka a iRacing ba ainihin inda take a wannan daƙiƙar kake gani ba, saƙonta sai ya tashi daga kwamfutar mai ita ya je saba, wato babbar kwamfutar da take haɗa mu, sannan ya dawo wajenka, to kafin ya iso wasan yana yin hasashe ne, yana cewa motar nan da gudun da take yi yanzu ya kamata ta kai nan. Shi ne netkod da kuke ji ana zagi. In mutum yana tafiya sumul hasashen yana dacewa, amma a bakin kwana inda ake taka birki ko a ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya, nan ne yake kuskurewa. Mu kuma Tanko yana Asawase Sharifu yana Aboabo, duk a Kumasi, da ƙafa ma za su iya zuwa gidan juna, amma saƙonsu sai ya sauka Accra ya shiga wayar ƙarƙashin teku ya je Turai ya dawo. Ku yi lissafi, mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin wajen mita 33 a daƙiƙa ɗaya, ke nan jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya haura mita 3. Ba wai kullum kuskuren yana kai haka ba tunda hasashen yana rufe yawanci, amma ƙaramin ɓangare na wannan ma ya isa ya cinye filin hannu ɗayan da Tanko yake magana.

Tanko61: Kun ji ko. Netkod ne, ba laifina ba ne.

Mubarak Tek: A'a ban ce haka ba fa ɗan uwa. Na ce ba ka yi ƙarya ba. Maganar laifi daban.

Masta Issaka: Ni ba na jin turancin kwamfuta, ƙarfe na sani. Tanko ɗana bari in tambaye ka, in direban motar haya ta trotro ya daki na gabansa a Sofoline ya fito ya ce ai birkina ne ya yi jinkiri, wa zai biya gyara? Na baya ne. Kai ka san layinmu yana da jinkiri, ba jiya ka sani ba, to me ya kai ka manna hanci har saura hannu ɗaya a kwana ta uku?

Tanko61: Masta zagayen ƙarshe ne fa. In ban matse shi ba ta ina zan wuce? Saitin duk ɗaya ne aka ba mu, ƙarfin mota ɗaya, shi ya toshe ƙasa, sama kuma babu riƙo tayoyi sun riga sun cinye. In zauna a bayansa kawai in raka shi gida?

Kawu Fuseini Bronx: Assalamu alaikum, yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙonni. Ni dai ina tare da yaron nan kuma zan faɗi dalili. Ku kuna tseren motocin Modified ne na NASCAR, hukumar tseren mota ta Amurka, amma kuna so ku yi shi kamar Formula 1, alhali ba jinsinsu ɗaya ba. Ina zuwa Riverhead a Long Island kallon motocin nan da idona, fili ne ɗan ƙarami kwata ɗin mil, kuma wlh babu motar da take gamawa ba tabo a jikinta. Ƙarafan nan da kuke gani a gaba da baya da gefe ba ado ba ne, an sa su ne don an san za a gogu. Ka je Bowman Gray a Winston-Salem, kwata ɗin mil ne shi ma, shimfiɗe ba gangare, ya zagaye filin ƙwallo, tun 1949 ake tseren NASCAR a wurin kuma hanyar wucewa sau da yawa ita ce ka ɗan taɓa na gaba ya buɗe maka ƙofa. NASCAR da kanta ta kai tserenta na buɗe kaka, Clash, can a Fabrairun 2025 saboda mutane suna son irin wannan. Modified ita ce uwar NASCAR gaba ɗaya, tseren farko da suka fara shiryawa a Daytona ranar 15 ga Fabrairu 1948 na Modified ne, Red Byron ya ci. Mutanen gareji ne suka gina abin da hannunsu, ba 'yan gayu ba. In muka hana taɓawa kwata-kwata to mun cire wa abin gishirinsa.

Sharifu Aboabo: Kawu da girmanka amma taɓawa daban juyar da mutum daban. Da ya ɗan ture ni na hau sama ya wuce ta ƙasa na gama na biyu, wlh da ni zan fara tura masa barka. Ni bango na sha.

Kawu Fuseini Bronx: Wannan kam gaskiya ne, wanda ya iya ba ya juyar da mutum, matsar da shi yake yi.

Masta Issaka: Yauwa Alhaji Fuseini ka zo inda nake. Kuma bari in ƙara muku wani abu game da motar nan don na ga yara da yawa suna tuƙa ta kamar Street Stock, motar 'yan koyo. Ita Tour Modified da muke tuƙawa nauyinta bai wuce wajen kilo 1,200 ba amma injinta ya haura doki 600, tayoyinta faɗin inci 15, a kwance take ƙasa, kuma an karkatar da nauyinta zuwa hagu da gangan don kwanar hagu kawai take sha. Tayar dama ta baya ta fi ta hagu girman zagaye, shi ya sa motar da kanta take son juyawa ko ba ka murɗa sitiyari sosai ba. To ka duba, lokacin da mutum yake shiga kwana ya ɗaga ƙafa, nauyi ya koma gaba, baya ya yi sakayau, ga ta dama can tana son juyawa, a wannan lokacin ko ɗan taɓi kaɗan ne a kusurwar hagu ta baya ya gama da shi. Wanda ya san aiki yana jira ne sai tsakiyar kwana mota ta zauna, ya sa hanci daidai tsakiyar bamba, ya ɗan tura. Shi ne na gaba zai zame sama taku ɗaya ya kama motarsa. Wannan aikin na inci ne. Yanzu Mubarak ya gaya mana layinmu ba ya ba mu inci, to da me za mu yi aikin?

Rabi Nima: Masta ya faɗi abin da ke raina. Ni ina ta uku ina kallonsu, a allona motar Sharifu ta ɗan yi tsalle gaba ta dawo kafin abin ya faru, irin ƙyaftawar nan da take yi in layi ya yi rauni. Duk wanda ya ga na gabansa yana ƙyaftawa ya kamata ya ba shi fili, ni abin da nake yi ke nan ko da zan rasa matsayi.

Tanko61: To ai kin ga ke ma kin ce motarsa ce take ƙyaftawa, layinsa ne ba kyau, me ya sa ni za a ɗora wa?

Rabi Nima: Saboda kai ne kake ganinsa Tanko, shi ba ya ganin kansa. Shi a wajensa tafiya yake yi lafiya lau. Kai ke da ido a kan abin kuma kai ke da birki.

Sharifu Aboabo: Kuma layina ba wai ya lalace ba ne, waya na ja daga rauta har kwamfuta ba wayales nake amfani da shi ba, ruwan da aka yi jiya ne ya ɗan taɓa shi.

Mubarak Tek: Kawu akwai abin da nake so ka duba. Kai kana New York, in ka shiga tseren iRacing na kowa da kowa a sabar Amurka kusan a bakin ƙofarka take, abin da ka gani a allo kusan shi ne gaskiya, shi ya sa taɓawar take yi maka daɗi kuma take fita daidai. Su ma na Riverhead ɗin babu saba tsakaninsu, ƙarfe ne da ƙarfe, direba yana jin abin a ƙugunsa. Mu nan ba mu da wannan. Ko da intanet ɗinka ya fi na kowa kyau a Kumasi, nisan ba ya raguwa, haske a cikin wayar gilashi yana yin wajen kilomita 200,000 ne a daƙiƙa, dubban kilomita zuwa Turai da dawowa dole su ci lokacinsu, babu kuɗin da zai sayi wannan. Kun tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku suka yanke, Ghana da Kwaddibuwa da Laberiya da Najeriya duk muka shiga duhu, ai ranar kowa ya gane ta inda saƙonmu yake bi. To dokar da ta dace da masu tsere a jihar Konetikat ta Amurka ba lallai ta dace da mu ba.

Kawu Fuseini Bronx: Na ji ka ɗana kuma maganarka tana da nauyi. Amma ka sani ni ma da muke amfani da sabar Turai saboda ku, teku nake tsallakawa, ban taɓa ƙorafi ba. Abin da nake tsoro shi ne a kafa doka ta sa kowa ya ji tsoron matsowa kusa, sai tsere ya zama jerin gwano, wanda ya tashi a gaba shi zai gama a gaba. Na ga lig da suka mutu ta haka, mutane suka gaji suka watse.

Alhassan Tafo: Ni kuma na ga wanda ya mutu ta ɗaya hanyar Kawu, kowa yana rama abin da aka yi masa makon jiya, rabin tsere a bayan motar tsaro ake yi ana zagaye a hankali, mutum ya biya kuɗin data ya biya kuɗin wata ya zo yana kallon tutar rawaya. Mu nan da dala muke biyan abin nan fa muna karɓar sidi. Mota ɗaya wajen dala 12, fili ma haka ko sama, ga kuɗin wata daban, sitiyarina G29 ne na hannu da na yi watanni ina tara kuɗinsa. Daren Asabar ɗin nan shi kaɗai nake da shi, sauran kwanaki ina shago a Kejetia har magariba. In wani ya juyar da ni a zagaye na biyar shi ke nan sai wani makon.

Rabi Nima: Wlh kuwa. Kuma ba ma kuɗi kaɗai ba, ni sai na tabbatar yara sun yi barci na roƙi kowa a gida ya sauka daga wayfai kafin in zauna.

Tanko61: Jama'a kuna magana kamar ni ɗan ɓarna ne. Ku duba tarihina a lig ɗin nan, wa na taɓa juyarwa? Lamba 61 da nake sawa saboda Richie Evans ne, mutumin da ya ci kambun Modified sau 9, takwas a jere daga 1978 zuwa 1985, ya rasu a Martinsville a 1985 yana gwaji, ba da dukan mutane ya yi suna ba, da iya mota ne da iya gyara ta. Shi nake so in bi. Abin da ke ƙona min rai shi ne na yi zagaye wajen ashirin ina bin Yaya Sharifu ban taɓa shi ba, ina lallaɓa tayar dama ta gaba don in samu abin yi a ƙarshe, sai a ce duk wannan ba a gani ba sai rabin daƙiƙa ɗaya da ni ban ma ga an haɗu ba.

Admin Awudu: An gani Tanko, ni na gani, kuma babu wanda ya kira ka ɗan ɓarna a nan. Tuƙinka na jiya har zuwa wannan kwanar yana cikin mafi kyau da na gani a kakar nan.

Masta Issaka: Amma yaron ya faɗi wata magana ɗazu da aka tsallake, maganar saiti ɗaya. Ni tun farko ban so ba. In kowa motarsa ɗaya sak, a fili irin South Boston da bai wuce mil 0.4 ba kuma kowa ƙasa yake so, to ina wucewa za ta fito? Dole sai da hanci. Ku buɗe saiti ku ga, wani zai yi motar da take da zafi a farko ta mutu a ƙarshe, wani zai yi wadda take jira, iskar taya kaɗai da nauyin da ka karkata tsakanin kusurwa da kusurwa sun isa su raba mutane, sai wucewa ta zo da kanta ba sai an taɓa kowa ba. Ai sunan motar ma ya gaya maka ta masu gyara ce. A Magazine nan, unguwar makanikai, in ka ba yara goma inji ɗaya kowa da yadda zai ɗaura shi.

Alhassan Tafo: Masta kai makaniki ne, kai za ka ci mu duka. Ni ban san komai a sifirin da shokoba ba, kuma ba ni da lokacin zama ina gwaji. In aka buɗe, masu kuɗi za su je su sayi saiti a intanet da dala, mu kuma mu zama 'yan rakiya.

Masta Issaka: Wa ya ce zan ɓoye nawa? In na yi zan zuba shi a nan kowa ya ɗauka, wanda yake so in koya masa ya zo gareji ranar Lahadi da yamma mu zauna. Ni burina yara su san dalilin da mota take yin abin da take yi.

Mubarak Tek: Ni zan zo wlh.

Rabi Nima: Mu na Accra fa Masta? Sai dai a yi ta bidiyo. Amma ni ina ganin kar a haɗa magana biyu, ta saiti a bar ta sai ƙarshen kaka a yi ƙuri'a, ba a canja doka a tsakiyar kaka mutane sun riga sun tara maki. Abin da za a iya yi yanzu shi ne a duba filayen. Thompson ya fi faɗi da tsawo, mil 5/8 ne kuma yana da gangare, ana samun numfashi. Ba dole ne kowane mako mu cusa kanmu a ƙaramin fili ba.

Kawu Fuseini Bronx: Thompson gidan Modified ne kam, shi da Stafford duk a Konetikat suke, SK Modified ma a Stafford aka haife ta. Af, ga wata shawara, me zai hana sababbin shiga su fara da SK tukuna? Ƙarfinta bai kai na Tour ba, tana yafe kuskure, mutum zai koyi bin wani a kusa ba tare da totur ya ruɗe shi ba.

Admin Awudu: Kawu wannan shawara ce mai kyau amma ba mu kai yawan da za mu raba aji biyu ba tukuna, in aka raba kowane ɓangare zai zama fili ba kowa. A ajiye ta.

Sharifu Aboabo: Malam ana ta tafiya ana barin maganata. Ni makina fa? Kafin jiya ni ke kan tebur, yanzu na sauko. Ba ni na jawo ba.

Alhassan Tafo: A mayar da Tanko baya a ba Rabi nasara, shi ne adalci.

Rabi Nima: A'a ni ba na son nasarar da ban ci a fili ba. Ni ta biyu na gama kuma ta biyun nake so a rubuta min.

Tanko61: In akwai dokar da aka rubuta da na karya a nuna min, zan karɓa ba musu. Amma kar a ƙirƙiro doka yau a hukunta ni da ita a kan jiya.

Mubarak Tek: A nan kam Tanko yana da hujja. Abin da muka rubuta tun farko shi ne ba a juyar da mutum da gangan, kuma bidiyonsa ya nuna ba da gangan ba ne. Ita 4x ɗin da Yaya Sharifu ya ambata ba ta nuna mai laifi, iRacing ba ya raba wa ya daki wa, duk wanda aka haɗu da shi ana rubuta masa, ko kana tsaye aka zo aka same ka. Saboda haka ba za a kafa hukunci a kanta ba. Gyaran da nake gani shi ne a cire kalmar ganganci daga dokar gaba ɗaya, don babu mai iya shiga zuciyar wani, kuma bidiyo biyu za su ci gaba da saɓa wa juna muddin muna wannan nisan. A duba sakamako kawai. Kana baya, na gabanka ya juya ta dalilin haɗuwarku, ka koma ƙarshen layi, ko netkod ne ko ba shi ba ne. Filayen gaske da yawa ma haka suke yi, wanda ya jawo tutar rawaya baya yake komawa. Admin yana da umarnin !eol na mayar da mota ƙarshen layi a hannunsa, rubutawa kawai zai yi da lambar mota.

Kawu Fuseini Bronx: To in na gaba ne ya taka birki da gangan a inda ba a takawa don a hukunta na baya fa? Ko ya sauko ya rufe ƙofa bayan na riga na sa hanci a gefensa? Kar ku ba na gaba lasisin yin abin da ya ga dama.

Mubarak Tek: Wannan ana ganinsa Kawu, bidiyon yana nuna birki da totur na mutum, kuma in tayarka ta gaba ta riga ta kai gefen ƙofarsa to ba a baya kake ba, kuna gefe da gefe ne, dole ya bar maka layi.

Masta Issaka: Kuma gefe da gefen nan ku kula da shi sosai, tayoyin motar nan a waje suke ba murfi, in taya ta hau taya sama za ka tashi, ba juyawa kaɗai ba.

Kawu Fuseini Bronx: In dai taɓawar da ba ta juyar da kowa ba tana nan halal to ban ƙi ba. Wanda ya yarda da hannunsa da layinsa ya gwada, in ta fita ya ci, in ta ɓaci ya biya. Wannan ya yi min.

Tanko61: Ni har yanzu ina ganin akwai rashin adalci a ciki, za a hukunta mutum a kan abin da bai gani a allonsa ba. Amma in kowa zai bi ta, har da wanda zai zo bayana, zan bi.

Admin Awudu: To alhamdulillahi, na saurari kowa. Ga abin da na yanke ni da Mubarak da Masta bayan mun yi waya. Sakamakon jiya yana nan yadda yake, Tanko ya ci, don babu dokar da ya karya a rubuce kuma ba zan hukunta shi da wadda ba ta wanzu ba. Sharifu na san wannan ba zai yi maka daɗi ba kuma kana da gaskiyar jin haushi. Daga tsere mai zuwa, na baya shi ke da alhakin bambarsa, in na gaba ya juya ta dalilinka za ka koma ƙarshen layi, in kuma a zagayen ƙarshe ne da babu sauran tutar rawaya to za a rubuta ka a bayan wanda ka juyar, maganar netkod ba za ta zama uzuri ba. Taɓawar da mutum ya kama motarsa ya ci gaba babu hukunci a kanta. Wanda ya ga an yi masa birkin mugunta ko an rufe shi yana gefe ya turo bidiyo kafin azahar ta Lahadi, mu uku za mu duba, in ɗayanmu yana cikin rigimar Rabi za ta maye gurbinsa in ta yarda. Wanda motarsa take ƙyaftawa sosai kuma zan yi masa magana a rediyo ya koma baya har layinsa ya daidaita, kar kowa ya ɗauka wulaƙanci ne. Maganar buɗe saiti sai ƙarshen kaka.

Rabi Nima: Na yarda Malam.

Sharifu Aboabo: Na ji, ba haka na so ba amma na ji. To ina da roƙo ɗaya, tunda dama muna ta maganar a riƙa zubar wa kowa da tserensa mafi muni saboda dumsor, ɗauke wutar nan, a fara shi daga wannan kakar, kowa ya amfana ba ni kaɗai ba. Alhassan ma an ɗauke masa wuta yana tsakiyar tsere kwanaki.

Alhassan Tafo: Ƙwarai, ina cikin biyar na farko ma lokacin. Ina goyon baya.

Rabi Nima: Ni ce na ce kar a canja doka a tsakiyar kaka, amma wannan ta shafi kowa daidai wa daida kuma ba ta ƙwace wa kowa nasararsa, ba ni da ja.

Tanko61: Nima na yarda, a zubar da ɗaya.

Admin Awudu: To za a sa ƙuri'a yau bayan isha'i, a bar ta har gobe da dare saboda Kawu da masu aikin dare. Asabar mai zuwa Thompson ne, gwaji ƙarfe 8:30, a tashi ƙarfe 9 agogon Ghana, sabar Turai kamar kullum. Waɗanda ba su turo nasu kason na kuɗin buɗe ɗakin tsere ta momo, wato kuɗin waya, ba su turo kafin Alhamis don in samu in buɗe da wuri.

Kawu Fuseini Bronx: Ƙarfe 5 na yamma ke nan a wajena, zan nemi a canja min aiki. Masta in ka fara darasin Lahadin a ɗauka a turo, ina so in ji bayanin iskar tayar nan.

Masta Issaka: Mubarak zai ɗauka da wayarsa. Tanko da Sharifu ku ma ku zo da kwamfuta ɗaya, zan nuna muku inda ake sa hanci a tsakiyar kwana, bayan la'asar.